IDAN GILASHIN KWAMFUTA YA DAINA JIN YATSA

 Ina godiya ga Malam Edita da ya ba ni wannan fili domin in yi bayani a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a garin nan namu na Kaduna, musamman ga masu kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ake taɓa gilashinta da yatsa kamar wayar hannu. Matsalar kuwa ita ce, mutum ya kai kwamfutarsa a sa mata sabuwar babbar manhaja, watau abin nan da masu shago ke ce wa fomat, a dawo da ita gida, ya taɓa gilashi, ya ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga nan sai a ce gilashi ya mutu, a nemi kuɗin sabo.

Abin da nake so in nuna a wannan rubutu abu ɗaya ne. Idan gilashi yana jin yatsa jiya, aka sauya babbar manhaja yau, ya daina ji, to galibi gilashin lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan abu ne ya ɓace a cikin manhajar, kuma ɗalibi mai haƙuri yana iya mayar da shi ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Abin da zan faɗa na koya ne a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu, inda mukan taru bayan an tashi.

Dalilin yawaitar matsalar

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kan kwamfuta, bayan ta soma gwaji a 2013. Ita ma hukumar WAEC ta fara tata ta kwamfuta ga masu zaman kansu a farkon shekarar 2024. Saboda haka iyaye da yawa, daga Kawo da Unguwar Dosa har Malali da Unguwar Rimi, sun matse bakin aljihu sun saya wa 'ya'yansu kwamfuta domin su saba. Akasarin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, an yi aiki da su a Turai ko Amurka, suka biyo ta kasuwannin Ikko, suka iso shagunan da ke titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Ana nan kuma sai kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 irin kulawar da ya saba yi kyauta, ran 14 ga Oktoba, 2025, shekara goma bayan fitowarta. Wannan ya sa jama'a suka yi ta kai kwamfutocinsu a sa musu Windows 11, wadda ta fito a 2021, wasu kuma suka koma wa Linux. To duk inda sauyin manhaja ya yawaita, matsalar da muke magana a kai ita ma sai ta yawaita.

Yadda gilashi ke jin yatsa

Kafin a yi maganin ciwo sai an san jikin mai ciwon. Wannan fasaha ba sabuwa ba ce kamar yadda wasunmu ke zato. Wani Baturen Ingila mai suna E. A. Johnson, wanda ke aiki a wata cibiyar bincike a garin Malvern, ya yi rubutu a kanta tun 1965, domin amfanin masu ba jiragen sama hannu. Amma ba ta shiga hannun kowa da kowa ba sai bayan fitowar wayar iPhone a 2007, sa'an nan a 2012 Windows 8 ta zo, kamfanoni suka shiga ƙera kwamfutocin tafi-da-gidanka masu irin wannan gilashi.

A ƙarƙashin gilashin akwai wasu layuka siri-siri da ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma, suna ɗauke da 'yar wutar lantarki kaɗan. Jikin ɗan Adam kuwa lantarki yana bin sa. Da zarar yatsa ya sauka, sai wutar da ke daidai wurin ta ɗan sauya. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai lissafi a gefen gilashin, aikinsa ke nan ya yi ta duba layukan sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ya gane inda yatsa ya taɓa. Shi ya sa idan ka taɓa da tsinken tsintsiya ko da gindin biro gilashin ba zai kula ka ba.

Bari in kwatanta da makaranta, domin kowa ya gane. Gilashi shi ne maigadi a bakin ƙofa, shi ke ganin baƙo. Ɗan guntun nan mai lissafi shi ne masinja, shi ke ɗaukar saƙo. Akwai hanyar da masinja ke bi zuwa ofis, watau wayoyin da suka ratsa ta wurin da murfin kwamfuta ke lanƙwasawa. Babbar manhaja kuwa ita ce shugaban makaranta, shi ke yanke hukunci. To amma masinjan nan ba ya jin harshen shugaba, shugaba ba ya jin nasa, sai an sami tafinta a tsakani. Wannan tafinta wata 'yar ƙaramar manhaja ce wadda masu gyara ke kira direba. Ni dai na fi son in ce mata tafinta, don kada a ɗauka direban mota ake nufi.

Idan aka yi wa kwamfuta fomat, kamar an yi wa shugaba canjin wurin aiki ne, ya tafi da dukan ma'aikatan ofis har da tafintoci. Maigadi yana nan, masinja yana nan, hanya tana nan. Sabon shugaba yakan zo da tafintocinsa masu yawa, amma ba lalle ne a cikinsu a sami mai jin harshen wannan masinja ba. Saƙo yana zuwa bakin ofis, ba mai fassarawa. Ka ga wanda ya kori maigadi a kan wannan ya zalunce shi.

Hanyar da masinja ke bi iri biyu ce. Wasu kwamfutocin suna bin hanyar USB, irin wadda muke soka filashi, sai dai ita tana ciki. Waɗannan ba su cika ba da wahala ba. Wasu kuma, musamman na baya-bayan nan, suna bin wata hanya mai waya biyu da ake kira I2C, wadda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya ƙirƙiro a 1982. Ita wannan hanyar tana da nata tafinta dabam. A kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel sunansa Intel Serial IO, kuma rashinsa na cikin manyan dalilan wannan matsala. Ga wata alama da za a riƙe: sau da yawa ɗan faifan nan da ke gaban maɓallai, wanda ake shafawa don motsa kibiya, hanya ɗaya suke bi da gilashi. Idan su biyun suka mutu rana ɗaya bayan fomat, to da wuya a ce duka sun lalace tare. Tafintan hanya ne babu.

Mataki na farko: tambaya da abubuwa masu sauƙi

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi kanka, shin gilashin nan yana aiki kafin a sauya manhaja? Wa ya gani da idonsa? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin kamfani yakan fitar da kwamfuta iri ɗaya, suna ɗaya, wata da gilashi mai jin yatsa, wata babu. Sa'an nan ka tambaya ko ta faɗi, ko ruwa ya taɓa ta, ko an buɗe cikinta a shago.

Bayan haka sai ka kashe ta, ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi wanda aka ɗan jiƙa aka matse sosai. Kada a sa kananzir ko ruwan sabulu. Mu nan Kaduna mun san ƙurar hunturu, kuma yatsan da ya bushe ya yi kaushi ba ya taɓuwa sosai. Ka cire cajar ka gwada da batir kaɗai, domin caja marar kyau, ko wutar janareta mai rawa, takan rikita gilashi har ya riƙa taɓa kansa. Sa'an nan ka kashe ta gaba ɗaya, ka cire caja, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, ka sake kunnawa. A Windows kuma ka zaɓi Restart, domin kashewar da aka saba yi ba ta kan sauke komai da komai ba.

Mataki na biyu: a gwada gilashin ba tare da sabon shugaba ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, don shi ke raba gardama. Idan ana zargin maigadi da barci, sai a kawo wani shugaba na wucin gadi mai tafintocinsa, a ga ko saƙo zai iso. Babbar manhajar Ubuntu, wadda ɗaya ce daga cikin dangin Linux, kyauta ce, kuma ana iya tayar da kwamfuta da ita daga kan filashi ba tare da an shafe komai ba. Ana bukatar filashi mai gigabayit 8 ko fiye, da wata 'yar manhaja mai suna Rufus wadda ke rubuta ta a kai. Ubuntu 24.04 ta kai kusan gigabayit 6, saboda haka ya fi kyau a haɗa kuɗin data a sauke ta sau ɗaya, a ajiye filashin don amfanin kowa, kamar yadda muka yi a ƙungiyarmu.

Ka soka filashin, ka kunna kwamfuta kana danna maɓallin zaɓen abin da za ta tashi da shi. A HP F9 ne, a Dell F12, haka ma yawancin Lenovo. Idan ta tashi ka zaɓi Try Ubuntu. Ina jan kunne a nan: kada ka zaɓi ɗayan, wanda ke girka ta, domin yana iya shafe abin da ke cikin kwamfutar. Sai ka taɓa gilashi. Idan ya amsa, alhamdu lillahi, magana ta ƙare: gilashi da masinja da wayoyi duk lafiya, kada wanda ya karɓi kuɗinka da sunan sabon gilashi. Idan bai amsa ba, kada ka yanke hukunci tukuna, domin akwai gilasan da ita ma Ubuntu ba ta zo da tafintansu ba.

Haka kuma yana da kyau a leƙa shafin nan da ke fitowa tun kafin babbar manhaja ta tashi, wanda ake kira BIOS. Ana shiga da F10 a HP, da F2 a Dell, da F1 a ThinkPad na Lenovo. A wasu kwamfutocin akwai wurin kunna gilashin da kashe shi a can ciki, sai a tabbatar a kunne yake. Amma kada a taɓa abin da ba a sani ba.

Mataki na uku: rajistar ma'aikata

A cikin Windows akwai wani shafi da ke jera dukan sassan kwamfuta, kamar rajistar ma'aikatan makaranta. Sunansa Device Manager. Ana buɗe shi ta danna maɓallin Windows tare da harafin X, a zaɓe shi daga jerin da ya fito. Tun da gilashi ba ya aiki, in faifan shafawa ma ya mutu, sai a ari linzamin kwamfuta mai waya a soka. A cikin shafin ka nemi kan layi mai suna Human Interface Devices, ka buɗe, ka nemi HID-compliant touch screen. Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu za ka gani.

Na ɗaya, sunan yana nan amma da 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa. Ma'anarsa an dakatar da shi ne, kuma lambar wannan matsala 22. Ka danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Enable device, shi ke nan.

Na biyu, sunan yana nan ba wata alama, amma gilashi shiru. Sai ka dakatar da shi ka sake kunnawa. In bai yi ba ka zaɓi Uninstall device, ka sake tayar da kwamfuta, Windows za ta mayar da shi da kanta.

Na uku, ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kan wani abu mai suna I2C HID Device. In ka buɗe shi galibi za ka ga lamba 10, watau an san da shi amma ya kasa fara aiki. Wannan yakan nuna tafintan hanya bai dace ba, ko ya tsufa.

Na huɗu, ba sunan gilashin sam, amma can ƙarƙashin Other devices akwai abubuwa masu alamar ɗorawa da lamba 28. Lamba 28 tana nufin ba a sa tafinta ba. Wannan shi aka fi gani bayan fomat, kuma shi ya fi sauƙin magani.

Mataki na huɗu: inda ake samo tafinta

Wuri na farko shi ne ita kanta Windows. Yawancin fomat ɗin da ake yi a shago cikin gaggawa ake yi, ba a haɗa kwamfutar da intanet ba, alhali tafintoci da yawa sai ta intanet suke sauka. Ka haɗa ta, ka shiga Windows Update, ka bar ta ta sauke duk abin da take so, ka sake tayarwa, ka kuma dubawa har ta ce babu saura. Sa'an nan ka leƙa Optional updates, domin wasu tafintocin can ake ajiye su sai mutum ya zaɓa da hannunsa. Abin yana cin data da lokaci, saboda haka a yi shi sa'ad da akwai wuta.

Wuri na biyu shi ne shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ka kifa ta, za ka ga lambarta a rubuce a ƙasa. Dell suna kiran tasu Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ne. Da wannan lambar za ka nema, ba da sunan kwamfutar kaɗai ba, domin suna ɗaya yakan ɗauki kaya iri-iri. Kuma akwai tsari wajen sawa. A fara da tafintan babban allon ciki, wanda suke rubutawa Chipset. Sai na hanya, watau Serial IO, ko takwaransa idan ƙwaƙwalwar ta AMD ce, wanda yake cikin na babban allon. Daga ƙarshe sai na gilashin kansa, in akwai. Bayan kowanne a sake tayar da kwamfuta. Dalilin wannan tsari a fili yake: ba amfanin kawo tafintan masinja alhali ƙofar da zai shigo a rufe take. Idan kwamfutar tsohuwa ce, kamfani bai sa tafintan Windows 11 ba, na Windows 10 mai 64 yakan yi aiki a mafi yawan lokaci.

Idan har yanzu akwai abin da ba a gane ba, kowane sashe yana da lambar shaida. Ka buɗe shi, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. In ka ga ELAN ko 04F3, na kamfanin Elan ne na Taiwan. In ka ga WCOM ko 056A, na Wacom ne na Japan. SYNA ko 06CB na Synaptics ne na Amurka. GDIX na Goodix ne, MSSL1680 kuwa na Silead ne, dukansu na ƙasar Sin. Shi wannan na ƙarshe, wanda ake samu a ƙananan kwamfutoci masu araha, yana da wani hali: kowane samfurin kwamfuta da nasa fayil na musamman, in aka sa na wata sai ka taɓa dama kibiya ta tafi hagu. Don haka mai irin wannan ya fi kowa bukatar shawarar rigakafi da zan kawo nan gaba.

Ina gargaɗin 'yan'uwana game da manhajojin nan da ke yawo a intanet suna alkawarin sa dukan tafintoci da dannawa ɗaya. Wasunsu sukan sa wanda bai dace ba, wasu kuma sukan shigo da talla ko cuta. Haka nan akwai Windows da wasu mutane suka yi wa aski domin ta yi sauri a tsohuwar kwamfuta, suka cire sassa da yawa, wani lokaci har da abin da ya shafi taɓawa. In irinta aka sa maka, magani shi ne a sake sa ta asali daga shafin Microsoft. Araha ba ta ado.

Wanda kuma ya ɗaga Windows 10 zuwa 11 ba tare da an shafe komai ba, yana da kwana 10 da zai iya komawa tsohuwar ta shafin Recovery. Amma wanda aka yi wa fomat ba shi da wannan dama. Masu Linux kuwa, tafintocinsu a cikin zuciyar manhajar suke zuwa, don haka maganinsu galibi shi ne su sa sabon fitowa maimakon tsoho.

Misali daga ƙungiyarmu

A zangon karatu da ya wuce wani abokinmu ya zo da kwamfutar yayarsa, wadda ke shirin jarrabawar shiga jami'a. An yi mata fomat a wani shago, gilashi da faifan shafawa duk suka yi shiru, aka ce wa mahaifinsu sai an sayi sabon gilashi. Malaminmu ya ce mu fara da filashin Ubuntu. Tana tashi muka taɓa, gilashi ya amsa, faifai ma ya amsa. Muka koma Windows, muka tarar da abubuwa masu lamba 28 a jere. Muka sauke tafintan babban allo da na hanya daga shafin kamfanin, muka sa bi da bi. Kafin a kira La'asar komai ya dawo, ba abin da aka kashe sai kuɗin data. Ban kawo wannan don in ɓata masu gyara ba, akwai ƙwararru masu amana da yawa a cikinsu. Sai dai mai shago yana da layin mutane, kai kuwa kwamfuta ɗaya gare ka, kai ya kamata ka fi shi haƙurin bincike.

Lokacin da laifin na gilashi ne da gaske

Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci kayan ne suka lalace, sauyin manhaja ya zo daidai da lalacewar kawai. Ga alamomi. Idan akwai tsagewa, ko da siririya ce a kusurwa, tana iya yanke layukan nan na ciki. Idan wani yanki yana ji wani ba ya ji, ka buɗe manhajar zane ta Paint ka ja layuka da yatsa daga gefe zuwa gefe; in kullum a wuri ɗaya layin ke yankewa, to ba aikin tafinta ba ne. Idan gilashi yana aiki sa'ad da murfi ke rabin buɗe, ya ɗauke in an buɗe sosai, wayar da ta bi ta malanƙwasa ce ta gaji ko ta kwance, kuma gyaranta bai kai kuɗin gilashi ba. Idan kuwa ka ga faifan shafawa ya taso, ko jikin kwamfuta ya buɗe baki, ko gilashin ya ɗago a irin waɗanda batirinsu ke bayan gilashi, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, kada a matsa shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. A kai wa mai gyara.

Rigakafi ya fi magani

Kafin a yi wa kwamfuta fomat, a kwashe tafintocinta a ajiye, tun da waɗanda ke ciki su ne aka tabbatar suna aiki. Ka soka filashi, a ce sunansa E, ka buɗe jaka a ciki ka sa mata suna tafinta. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gida, watau Run as administrator, ka rubuta wannan:

pnputil /export-driver * E:\tafinta

Cikin 'yan mintoci za ta kwafe su. Bayan fomat, duk abin da ya fito da alamar ɗorawa sai ka zaɓi Update driver, ka nuna masa wannan jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma a kwashe hotuna da takardu, a rubuta lambar kwamfutar a littafi.

Kira ga iyayenmu

Iyayenmu, Allah Ya saka muku da alheri, mun san da gumi kuka sayi waɗannan na'urori. Ina roƙonku abu uku. In za a kai kwamfuta fomat, a gwada gilashin a gaban mai shago kafin a miƙa, a sake gwadawa a gabansa kafin a biya. In aka ce gilashi ya mutu, a tambaya cikin ladabi: an gwada da wata manhaja daga filashi? An sa tafintocin kamfani? Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Na uku, kada hankali ya tashi saboda jarrabawa. A ɗakin jarrabawar JAMB da maɓallai da linzami ake amsawa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya. Yaro yana iya ci gaba da gwajinsa ko gilashi bai dawo ba, hasali ma gara ya saba da maɓallan.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, darasin nan bai tsaya ga kwamfuta ba. Tsarin da malamin kimiyya ke koya mana ne a ɗakin gwaje-gwaje: a tambayi abin da ya sauya, a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka gani, a fara da mai sauƙi kafin mai tsada. Duk wanda ke da irin wannan matsala a gida yana iya zuwa da kwamfutar ranar taron ƙungiya, da izinin iyayensa, filashinmu yana nan.

 

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan ƙungiyar kwamfuta.